Biron cike takardun biza a Yamai: aikinsu ya yi, alƙawarin lokaci ne bai yi ba

Akwai wani biro a saman bene, ba nisa da Babbar Kasuwa, inda ake cike wa mutane takardun tafiya waje. Ba zan kama suna ba. Ɗaki biyu ne, kwamfuta uku, injin fotokofi, da pankar sama mai kuka. Da su na yi hulɗa daga 2022 zuwa 2024 a kan dosiyen ƙanwata, wadda aka ɗaura wa aure a Tawa da wani ɗan gidanmu mazaunin Girinsboro a Amurka, garin da ƴan Nijar suka yi yawa. Ita tana can gida wurin Inna, ni ke Yamai, don haka zirga-zirgar ta faɗo kaina.

Bari in fara da abin da suka iya. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta san aikinta ƙwarai. Ranar farko ta jera takardar haihuwa da fasfo a kan tebur, ta ɗora biro a kan sunan mahaifinmu, ta ce: "Yaya, dubi nan. A wannan Mahamadou, a wannan Mohamed. Su can mutum biyu za su ɗauka." Mu da muka saba a rubuta sunan mutum yadda ma'aikaci ya ji a kunnensa, ba mu taɓa kulawa ba. Gyaran ya kai mu jastis, ya ci kuɗi da makonni, amma gara a lokacin da a ce dosiye ya yi nisa sannan a dawo da shi. Ita ce kuma ta nace a kawo takardar aure ta ofishin magajin gari, domin goro da fatiha da shaidu ba su da hatimin da za a aika ta intanet. Fassarar takardu daga Faransanci zuwa Turanci ma tsaf suka yi ta, ba a dawo mana da ko ɗaya ba.

Mai biron ne matsalata. Mutum ne mai fara'a, shayi ba ya yankewa a ofishinsa, amma bakinsa ya fi aikinsa sauri. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, wata shida amarya tana jirgi." Na kai wa Inna wannan magana, ita kuma ta kai wa dangi, har aka fara sayen turaren wuta da kilishin tsaraba. Kilishin mu muka cinye shi.

Ga yadda abin yake, don kada wani ya ruɗe ku. Miji ne ke fara shigar da takarda mai suna I-130 a hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS. Kuɗinta a lokacinmu dalar Amurka 535 ne, a Afrilun 2024 aka ƙara ya koma 675, ko 625 ga wanda ya cike ta intanet. Wannan matakin kaɗai ya ci mana sama da shekara, kuma ba wanda ke Yamai da zai iya taɓa shi. In an amince, dosiye ya wuce cibiyar biza ta NVC. Nan ake biyan dalar Amurka 325 na biza da 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, I-864, inda miji zai nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na can, in bai kai ba ya nemo wanda zai tsaya masa. Matar ta cike takardar neman biza mai suna DS-260, sannan a shiga layin randebu a ofishin jakadanci. Layi uku ke nan, kowane da nasa jira.

Akwai kuma tambayar da mai biron bai yi mana ba sai daga baya, alhali ita ce ta farko: mijin ɗan ƙasar Amurka ne ko mai katin zama, wato green card? Matar ɗan ƙasa ba ta cikin adadin da ake ƙayyadewa kowace shekara. Matar mai katin zama kuwa tana rukunin F2A, sai ta jira ranarta ta fito a jadawalin biza da ake bugawa wata-wata. Namu Allah ya sa ya riga ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Wanda bai san wannan bambanci ba, ta ina ya samo wata shida?

Da jira ya yi tsawo sai ya zo da wata: a ƙara jikka ɗari, yana da "hanyar" da za a hanzarta. Na ƙi. Neman gaggawa akwai shi a ƙa'ida, ga mai rashin lafiya mai tsanani ko wata larura babba, miji ke rubutawa da kansa kuma ba a biyan ko dala. Ya kuma so mu je gwajin likita da ake yi wa mai neman biza tun ba a ba mu randebu ba, yarinyar nan ce ta kaɗa mini kai daga bayan kwamfuta. Gaskiyarta, domin wa'adin bizar yana bin ranar gwajin, bai wuce wata shida ba, wanda ya yi da wuri ya ƙone kwanakinsa a banza.

Jiran ya zo da ɗan amfani guda, ko da yake ƙanwata ba ta son a faɗa. In aure bai cika shekara biyu ba ranar da mace ta shiga Amurka, katin shekara biyu mai sharaɗi ake ba ta, sai sun sake wasu takardun. Ita nata ya haura biyu tana zaune a Tawa tana amsa "yaushe tafiya?" a kowane biki, sai ta samu na shekara goma kai tsaye.

Wanda ba ya jin Turanci, ko intanet ke ba shi wahala, ya je, kuɗin aikinsu bai fi ƙarfi ba. Amma ku riƙe lambar dosiye da kalmar sirri a hannunku, ku karɓi rasit na kowane biya, kuɗin hukuma kuma miji ya biya da kansa daga can. Tun 2025 dokokin biza ga ƴan Nijar sun ƙara tsauri sosai, saboda haka kafin ku ba kowane biro ko jikka guda, ku sa mijin ya duba shafin ofishin jakadanci ya ga abin da ake ciki a ranar.