Tantance masu zaɓe a rumfarmu ta Kawo: bakwai cikin goma

Bakwai cikin goma zan ba aikin tantancewa a rumfarmu da ke wata firamare a Kawo, ranar zaɓen gwamna, 18 ga Maris 2023. Ba ruwana da wanda ya ci ko ya faɗi. Abin da na auna shi ne yadda aka bi da mutanen da aka samu tangarɗa a kansu kafin su kai ga akwati.

Na'urar BVAS, mai tantance masu zaɓe ta zanen yatsa ko fuska, ta yi abin a yaba mata. Mahaifiyata surfe da wanki sun cinye mata zanen yatsu, ga lalle kuma. Aka ɗora babban yatsa, shiru. Aka goge aka sake, shiru. A 2015 da haka ta faru, fom ake cikawa a miƙa maka ƙuri'a, kuma an sha zargin cewa ta wannan ƙofar ake cusa ƙuri'un bogi. Yanzu babu fom ɗin, sai dai na'urar ta koma kan fuska. 'Yar bautar ƙasar da ke shugabantar rumfar ba ta jin Hausa sosai, mataimakinta ne ya durƙusa ya ce, "Mama, ɗan ja mayafin baya kaɗan, ki kalli nan." Ya juya ta ta ba rana baya, aka ɗauka, ta wuce. Tun farko ma ba su bar ta a layi ba, tsofaffi da masu juna biyu da masu buƙata ta musamman aka fara sallama.

Sun kuma tsaya kan doka ba tare da wulaƙanta kowa ba. Wani dattijo ya zo da takardar da aka ba shi lokacin rajista, katinsa na dindindin bai karɓo ba. Sunansa na nan a rajistar da aka manna a bango, har da hotonsa, maƙwabta suna ta cewa "ai Baba ne, kowa ya san shi." Yarinyar ta ce ba kati, ba ƙuri'a, haka Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanada. Raina bai so ba, amma da ta sassauta wa Baba, ba ta da bakin hana na bayansa.

Inda makin ya zube shi ne batun waɗanda aka sauya wa rumfa. A 2021 an ƙara rumfunan ƙasar nan daga 119,974 zuwa 176,846 don rage cunkoso, aka mayar da wasu sababbin rumfuna. Maƙwabciyata ta sha rana a layi, sai da ta iso gaban teburi aka ce sunanta ba ya cikin wannan na'urar, domin kowace BVAS rajistar rumfarta kaɗai take ɗauke da ita. Ina za ta? Babu mai amsa. Wani yaro ne ya duba mata a waya, ashe rumfarta tana titin baya, tafiyar minti biyar. Ta samu shiga sahu kafin 2:30, lokacin da ake rufe layi. Wasu biyu kuwa gida suka wuce suna faɗa.

A Amurka, tun dokar 2002, wanda aka yi shakkar cancantarsa ana ba shi ƙuri'ar wucin gadi, a ajiye ta gefe, a bincika daga baya, in ya cancanta a ƙirga. Mu abin da dokarmu ta sani ya fi haka ƙunci: in ka zo ka tarar wani ya riga ya yi zaɓe da sunanka, za a ba ka takardar ƙuri'a mai launi daban, a ajiye ta daban. Ban ce a kwaso tsarin Amurka ba, don ambulan da za a buɗe bayan kowa ya watse a nan rigima ce sabuwa.

Abin da nake so bai kai haka tsada ba: mutum ɗaya a bakin ƙofar makaranta da waya a hannu, mai jin Hausa, ya duba katin kowa kafin ya shiga layi, ya ce masa "naka nan ne" ko "naka yana bayan masallaci."