Wasiƙa daga Ingila: Yadda Suke Gano Sankarar Ƙoda da Yi Mata Magani

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Kawu? Allah ya ƙara sauƙi. Na ji saƙonka cewa yana fitsarin jini, an ce tsargiya ce, har an sayo masa magani a kemis. Hankalina bai kwanta ba, domin ka san abin da maigida ya sha bara da sankarar ƙoda.

Shi ma ba don ƙoda ya je asibiti ba. Ciwon ciki ne ya dame shi, likitan unguwa ya tura shi hoton matsarmama, sai mai ɗaukar hoton ya hango ƙari a ƙodar dama. Likita ya ce mana da yawa a nan haka ake kama ta, garin neman wani abu, domin tana iya daɗewa ba ta nuna alama ba. In alamar ta fito kuwa, fitsarin jini ne, ko ciwo a kwiɓi, ko kumburi, ko rama ba dalili. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya kai shekara 45 ya ga jini a fitsarinsa ba tare da an san sanadi ba, a tura shi wurin ƙwararru cikin gaggawa. A gida kuwa, saboda mun saba ganin tsargiya tun muna yara masu wanka a kududdufi, sai dattijo ya ga jini ya ce ai ita ce.

Hukumar lafiyarsu, NHS, ta ɗaukar wa kanta cewa cikin kwana 28 mutum zai san ko sankara ce ko a'a, cikin kwana 62 kuma a fara magani. Ba kullum suke cika wannan alkawari ba, layi yana da tsawo, jiran kuma akwai cin rai. Amma takarda kan zo har gida da rana da lokaci. An yi wa maigida hoton CT, wato na wata na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, aka ɗura masa wani ruwa ta jijiya don ƙodar ta fito sarai. Ya ce ɗumi ya ji ya ratsa shi tun daga wuya. Daga nan likitan tiyata da na sankara da na hoto suka zauna tare kan fayil ɗinsa suka yanke shawara guda. Wannan zaman ya burge ni fiye da injinansu.

Da yake ƙarin bai kai santimita 4 ba, ba a cire ƙodar duka ba, ɓangaren da ya lalace kawai aka yanke. Da wata na'urar tiyata mai suna da Vinci aka yi aikin, likita yana zaune gefe yana sarrafa hannuwanta. Da na ɗaga rigarsa, 'yan ƙananan huji na gani a cikinsa, kowanne da filasta, washegari kuma ma'aikaciyar jinya ta tashe shi ya taka. Wasu ma ba a yi musu yanka, allura ake sokawa a daskarar da ƙarin ko a ƙona shi. Sankarar da ta bazu a jiki ce matsala: ba ta cika jin maganin kemo da aka saba ba, sai ƙwayoyi irin su sunitinib da pazopanib, ko ƙarin ruwa mai zaburar da garkuwar jiki kamar nivolumab da pembrolizumab. Tsadarsu ta fi ƙarfin talaka ko a ina yake.

Ba mu biya ko kwabo a asibiti ba, amma kada ka ɗauka kyauta ce. Ban da haraji, masu biza irinmu suna biyan fam 1,035 kowace shekara kan kowane babba. Wanda ya zo da bizar ziyara kuwa, kuɗin aikin ake cajinsa da ƙarin rabi a kai. Don haka maganar sayar da gona a kawo Kawu nan, a bar ta.

Akwai abin da gida ya fi. Hoton ciki da a nan sai likita ya rubuta an jira layi, a Kano yau za ka shiga yau ka fito da sakamako, kuma akwai likitocin mafitsara a Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika. Sai jinya. A nan lokacin ziyara na ƙarewa za a sallame ka, mara lafiya ya kwana ba nasa a kusa, ba mai kawo masa kunu, ba masu zuwa dubiya su cika ɗaki da addu'a. Na yi kewar gida ƙwarai a kwanakin nan. Sai dai kuma ba a taɓa aike na sayo safar hannu ko ledar ƙarin ruwa cikin dare ba.

Don Allah Yaya, a kai Kawu a gwada fitsarin a ga ko da ƙwan tsargiya, a kuma yi hoton ƙoda da mafitsara ko da jinin ya tsaya, domin yakan ɗauke ya dawo. Ka gaya wa likita yana da hawan jini kuma ya daɗe yana shan taba, duka biyun suna ƙara haɗarin cutar. In sun ce sai CT, a yi, zan turo kuɗin. Ka ɗauki hoton sakamakon ka aiko min ta WhatsApp. A gaida Inna da yara.