Sayen na'urar CPAP ta hannu: abin da ke wankuwa da abin da ba ya wankuwa

Duk wanda likita ya tabbatar masa cewa numfashinsa yana ɗaukewa a cikin barci, aka kuma rubuta masa na'urar CPAP, farkon abin da yake cin karo da shi shi ne tsadarta. Shi wannan ciwo sananne ne, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin minshari kawai: naman maƙogwaro yakan saki idan barci ya yi nauyi har ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya zabura ya ja iska, hakan kuma ya yi ta maimaituwa har gari ya waye. Likitoci suna ƙidaya yawan ɗaukewar a cikin awa guda, inda 5 zuwa 15 yake mataki mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuma mai tsanani. Na'urar, wadda likitan Ostireliya Colin Sullivan ya fara bayyana aikinta a 1981, tana tura iska ne ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci, domin maƙogwaro ya kasance a buɗe. Da yake sabuwa tana da tsada, kuma da kuɗin waje ake shigo da ita, ba abin mamaki ba ne idan hankalin mutum ya koma ga ta hannu.

Mafi yawan masu tambaya a kan ta hannu tsoron ƙwayoyin cuta suke yi, kuma tsoron yana da tushe, musamman a ƙasa irin Najeriya da tarin fuka bai yi ƙaranci ba. Sai dai a ganina wannan shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin magancewa, domin wuraren da datti ke taruwa duk ana iya cire su a jefar. Takunkumi da madaurinsa, tiyo, mazubin ruwan da ke jiƙa iska, da matatar ƙura da ke bayan na'ura ko gefenta, waɗannan su ne suke taɓa fata, suke haɗuwa da yawu da majina, suke kuma kwana da danshi. Babu dalilin da zai sa a gaji ko ɗaya daga cikinsu daga wani mutum, ko da ɗan'uwa ne na jini, ko da mai sayarwa ya rantse cewa sau biyu kawai aka sa. Dama can ba a ƙera su don su daɗe ba. Shirin inshorar lafiya na Medicare a Amurka yana biyan kuɗin sabon takunkumi da sabon tiyo duk bayan wata 3, mazubin ruwa da madauri duk bayan wata 6, na'urar kanta kuwa bayan shekara 5. Saboda haka duk wanda zai kwatanta farashin sabuwa da na ta hannu, wajibi ne ya ɗora kuɗin waɗannan kayan a kan farashin ta hannun kafin ya yanke hukunci, ya kuma tabbatar ana samunsu a inda yake, domin akwai na'urorin da arharsu ke ƙarewa a ranar da aka fara neman matatarsu.

Abin da ya rage bayan an jefar da waɗannan shi ne akwatin da injin yake ciki, kuma a nan ne maganar ta yi zurfi. A bisa tsari iska tana tafiya ne daga injin zuwa mutum, wadda ya fitar kuma tana ficewa ta ƙananan hudojin da ke jikin takunkumi, don haka ba kasafai numfashin mai ita yake komawa har cikin injin ba. Amma injin yana shaƙar iskar ɗakin da yake aiki a ciki, dare bayan dare, shekara da shekaru. Idan mai ita yana shan taba, ko ana yawan kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin, hayaƙin yakan maƙale a jikin fankar da soson da aka sa domin rage ƙara, kuma babu sabulun da zai kai wurin. Haka nan idan an taɓa ɗaga na'urar da ruwa a mazubinta har ya koma ciki, fumfuna tana iya tsirowa a inda ido ba ya gani, sannan kyankyasai suna son ɗumin irin waɗannan akwatuna. Gwajin da ya fi amfani a nan ba ya bukatar kayan aiki: a kunna ta ba tare da mazubin ruwa ko tsohon tiyo ba, a bar ta ta yi mintuna tana hurawa, a sansana iskar da ke fitowa. Idan aka ji ƙaurin taba, ko warin rima, ko ƙamshin turare mai ƙarfi da ake zargin an fesa ne don a rufe wani wari, to a haƙura da ita ko nawa aka rage.

Akwai kuma haɗarin da hanci ba zai gano ba, kuma shi ne ya kamata mai saye ya fara dubawa tun kafin ya tambayi kuɗi. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips Respironics ya sanar da janye miliyoyin na'urorinsa na numfashi da aka ƙera daga 2009 zuwa 26 ga Afrilun 2021, ciki har da DreamStation ta farko da System One, waɗanda suna daga cikin na'urorin da suka fi yawa a hannun mutane. Dalili shi ne soson rage ƙara da ke kan hanyar iskar yana iya rududdugewa, mai barci ya shaƙi ɓurɓushinsa ko sinadaran da yake fitarwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanya janyewar a mataki mafi tsanani. Daga baya kamfanin ya ce gwaje-gwajensa sun nuna da wuya soson ya yi wa lafiya babbar illa, hukumar kuma ta ce gwaje-gwajen ba su gamsar da ita ba, sannan a Afrilun 2024 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.1 domin sasanta ƙararrakin da aka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. Abin da ya sa wannan labari ya shafi mai saye a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi shi ne, zafi da danshi suna daga cikin abubuwan da aka bayyana cewa suna gaggauta lalacewar soson, kuma na'urar da ta yi makonni a cikin kwantena a kan teku, sannan ta zauna a shago cikin zafin bazara, ta gamu da duka biyun. A juya na'urar a karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinta, inda ake rubuta samfuri da lambarta da ranar ƙira. Ganin baƙin ɓurɓushi a bakin fitar iska hujja ce ta ƙin saye, amma rashin ganinsa ba hujjar saye ba ce. Kamfanin ya gyara wasu ya sa musu soson silikon, sai dai idan mai sayarwa ba shi da takardar da ke nuna hakan, maganar baki ba ta isa ba, kuma wadda wani mai gyara ya buɗe ya ƙwaƙule soson da hannu ita ma ba abin dogaro ba ce.

Bayan samfuri sai shekaru, kuma shekarun na'ura ba a jikin robarta ake karanta su ba, a ƙididdigar awanninta ne, kamar yadda mai sayen mota yake duba tafiyar da ta yi. Mutumin da ke barcin awa 7 kowane dare yana tara awa 2,555 a shekara, wato kusan 12,800 a shekara 5, wanda shi ne tsawon rayuwar da kamfanin ResMed ya ƙayyade wa na'urarsa AirSense 10 a littafinta. Na'urar da ta yi awa ɗari biyu ko uku kusan sabuwa ce, wadda ta haura dubu goma kuwa ta ci yawancin ƙarfinta, ko da tana iya ci gaba da aiki. A kula da cewa a irin wannan na'ura ƙididdiga biyu ce: akwai awannin da mai ita ya yi amfani da ita, waɗanda ake iya gogewa su koma sifili, akwai kuma awannin da injin kansa ya yi yana juyawa, waɗanda ba sa gogewa da wannan hanyar. Na biyun ake nema, kuma gara a nemi mai sayarwa ya nuna shi a allon na'urar tana kunne. A saurari ƙarar injin ma, domin lafiyayyen inji shuru yake aiki, wanda ya fara gajiya kuwa yakan yi wani siririn kuka da ke hawa da sauka tare da numfashi.

Idan aka jera hanyoyin saye, sabuwar na'ura ta manyan kamfanoni irin ResMed, ko Fisher & Paykel na New Zealand, ko Löwenstein na Jamus, ita ce mafi kwanciyar hankali kuma mafi tsada, kuma babu abin da za a ƙara a kan haka. Abin da masu saye suke yawan mantawa da shi shi ne akwai sababbi na kamfanonin Sin irin BMC da Yuwell, waɗanda kuɗinsu ya yi ƙasa sosai, har wani lokaci ya kusanci na tsohuwar babban kamfani. Ga wanda bai iya duba awanni da samfuri ba, kuma ba shi da wanda zai duba masa, sabuwa mai sauƙin kuɗi da garanti da dila da za a iya komawa wurinsa ta fi masa tsohuwa mai babban suna. Sai wadda dillalin kayan asibiti ya sabunta. Wannan tana da kyau idan sabuntawar ta gaskiya ce, domin kamfanonin suna da ƙa'idojin tsarkake sassan na'ura da zafi ko da sinadari ga asibitocin da ke amfani da na'ura ɗaya ga majinyata da yawa. Amma kalmar sabuntawa ba ta da tsada a baki, don haka a tambaya dalla-dalla: me aka canza, an auna ƙarfin iskar da ma'auni, awa nawa ta yi, wata nawa ne garantinta, kuma za a rubuta duk wannan a rasit?

Hanyar da nake ganin ta fi riba, idan an dace da ita, ita ce saye daga wanda aka sani. Mutane da yawa suna sayen na'urar nan su kasa sabawa da takunkumi, bayan 'yan makonni su mayar da ita jaka su ajiye a kan kabad, wasu kuma iyalan mamaci ne ke neman rabuwa da ita. A nan ana iya sanin gidan da ta zauna, da ko ana shan taba a ciki, da irin ciwon da mai ita ya yi fama da shi, kuma tambayar ko ya yi tarin fuka ko wata cutar huhu mai yaɗuwa ba rashin kunya ba ce, in dai an yi ta da ladabi. Wadda aka tsinto cikin tarin kayan gwanjo kuwa, ko aka gani a shafin talla na intanet babu tarihi babu takarda, ita ce ƙarshen layi. Yana da kyau a sani cewa a Amurka sai da takardar likita ake sayar da CPAP, abin da ya sa manyan kasuwannin intanet irin eBay ba sa yarda mutane su sa ta a kasuwa, kuma ɗan gwanjo sau da yawa bai ma san bambancinta da injin tace iskar oksijin ba, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne.

Wannan ya kawo mu ga nau'i da saiti. CPAP ta asali tana ba da ƙarfin iska guda tsawon dare, mai sarrafa kanta tana hawa da sauka tsakanin 4 zuwa 20 a ma'aunin ƙarfin iska gwargwadon bukata, mai mataki biyu kuma tana bambanta ƙarfin shaƙa da na fitarwa. Akwai wata da ake kira ASV, wadda a ido ba ta da bambanci da sauran, amma tun bayan wani babban bincike na 2015 aka hana amfani da ita ga wasu masu raunin zuciya. Ta hannu tana zuwa ne da saitin mai ita na baya, wanda aka yi daidai da maƙogwaronsa da nauyinsa, don haka kafin daren farko a kai ta wurin likita ko ma'aikacin da ya san ta, a goge tsoffin bayanai, a sa sabon katin ajiyar bayanai, a saita ta bisa sakamakon gwajin barcin mai saye. A wannan zaman ne kuma ya kamata mai na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe da aka dasa a jiki ya faɗa, domin Philips a 2022 da ResMed a 2023 sun yi gargaɗi a kan takunkuman da ke da maganaɗisu a madaurinsu.

Game da tsafta bayan saye, ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi sun wadatar wa takunkumi da tiyo da mazubi, a shanya su a inuwa su bushe sarai. Bilic da barasar goge ciwo da magungunan wanke bayi suna cinye robar, su kuma bar abin da za a shaƙa. Akwatunan da ake tallatawa cewa suna tsarkake na'ura da iskar ozon ma a guje su, domin FDA ta yi gargaɗi a kansu a Fabrairun 2020, kuma an ambaci ozon cikin abubuwan da ke ƙara lalata soson Philips, saboda haka idan mai sayarwa ya yi alfahari cewa da irin wannan akwatin yake tsaftace tasa, ba abin yabo ya faɗa ba. Mazubin ruwa tataccen ruwa yake so, a saye shi a kemis, kada a ɗauko ruwan batir daga wurin mai gyaran mota, wanda ba a da tabbacin ba a gauraya shi da asid ba. A lokacin hunturu kuma, sa'ad da ƙura ke shiga ko'ina, matatar da ke kai wata guda a wata ƙasa tana iya toshewa tun kafin haka, don haka a sayi da yawa tun farko.

Saura wuta. Yawancin waɗannan na'urori suna karɓar lantarki daga bolt 100 zuwa 240, don haka wadda aka kawo daga Amurka za ta yi aiki a nan idan an sa mata kan soket da ya dace, amma a tabbatar adaftarta ta asali ce, domin adaftocin ba sa shiga wa juna, har ta AirSense 10 ba ta shiga AirSense 11. A inda wuta ke ɗaukewa da tsakar dare ko take zuwa da ƙarfi fiye da kima, kuɗin sitabilaiza da na batir ko inbata yana cikin kuɗin na'urar, kuma idan ana kan batir, kashe farantin da ke ɗumama ruwa yana tsawaita awannin da za ta yi, tunda shi ne ya fi cin wuta.