Sharhi Kan Fim Ɗin Damini: Matar Da Ta Ƙi Yin Shiru

Kwanan nan na sake kallon Damini, fim ɗin Indiya da darakta Rajkumar Santoshi ya fitar a 1993, kuma ya taɓa ni fiye da kallon farko da na yi masa ina yarinya.

Meenakshi Seshadri ce Damini, 'yar talakawa da ta auri Shekhar, wato Rishi Kapoor, ɗan gidan attajirai. Ranar Holi, bikin watsa launuka na Indiyawa, ta ga ƙanin mijinta Rakesh da abokansa suna yi wa Urmi, 'yar aikin gidan, fyaɗe. Daga nan gida ya haɗe kai: surukai suna cewa a rufa asiri, miji yana lallashi, ita kuwa ta ce abin da idonta ya gani shi za ta faɗa.

A nan fim ɗin ya kama ni. Damini ba don kanta take faɗa ba. Urmi ba 'yar uwarta ba ce, yarinya ce mai shara da wanke-wanke, wadda ba ta da kowa. Da Damini ta kame bakinta, da aurenta da daularta suna nan. Duk wanda ya san yadda ake danne irin wannan magana a manyan gidaje, har a nan wajenmu, don kada sunan gida ya ɓaci, ya san nauyin abin da ta ɗauka.

Zaman kotun yana da ciwo. Amrish Puri, a matsayin lauya Chaddha, bai tsaya musanta laifin ba, kan mai shaida ya koma. Ya yi ta jefa mata tambayoyin cin mutunci har ta rikice, aka ce tana da taɓin hankali, aka tura ta asibitin mahaukata. Urmi kuma ta mutu a asibiti, aka ce wai ita ta kashe kanta. Wallahi sai da na tsayar da kallon na numfasa.

Sai can tsakiyar fim Sunny Deol ya shigo a matsayin Govind, lauyan da ya jefar da aikinsa ya kama kwalba, amma ya dawo ya tsaya wa Damini. Ihun da ya yi wa alƙali kan yadda ake ɗage shari'a yau, a ɗage gobe, shi ne abin da kowa ya haddace, kuma ya samu lambar yabo ta ƙasa a kan rawar. Ya cancanta. Amma ina jin haushin yadda ake maganar fim ɗin kamar nasa ne. Meenakshi ce ta riƙe shi, musamman jawabinta na ƙarshe a gaban kotu.

Yana da nasa aibu. Ya kusa awa uku, wasu waƙoƙin sun katse labari a inda bai kamata ba, dambe kuma ya yi yawa ga fim ɗin shari'a. Abin da ya fi damuna shi ne Urmi, wadda aka zalunta, ba a ba ta bakin magana sosai ba.

A 2012, da aka yi wa wata ɗaliba fyaɗe a cikin bas a Delhi har ta rasu, Damini na cikin sunayen da masu zanga-zanga suka kira ta da su.

Ina ba manya shawara su kalle shi, maza da mata tare. Yara ƙanana dai a ɗaga musu ƙafa, wurin fyaɗen da tambayoyin kotun sun yi musu nauyi.