Asibitin haƙoran da na kai ɗiyar yayana a Katsina

Tun watan jiya nake so in yi magana akan wani ƙaramin asibitin haƙori mai zaman kansa dake wajen Ƙofar Kaura, sai yau Allah ya nufa. Ɗiyar yayana na kai, shekararta 6, tana riƙo wurin Hajiyarmu tun rabuwar iyayenta. Na je gaida Hajiya na iske kumatun yarinya ya haye, tana tauna da gefe guda, baki na wari, nace tun yaushe? Akace ai ta kusa wata biyu tana kukan dare, ana sayo mata parasitamol a kemis ana ɗan tura mata kanumfari a kogon haƙorin. Wallahi jikina yayi sanyi.

Wurin dai tsaf yake, kayan aiki a gabanmu aka ɓare su daga leda, amma jira kam mun sha shi, sama da awa biyu, ɗakin jiran ƙarami kuma babu fanka mai aiki ga zafin Katsina. Kuɗinsu ma ba na talaka bane gaskiya.

Abin da ya sa nake yabonsu shi ne likitar bata kai hannu bakin yarinya ba sai da ta zauna ta yi mamu tambayoyi. Wa ke goge mata baki, me take sha kafin barci, ta taɓa ganin likita, tana zuwa makaranta ko ciwon ya hana ta. Ta duba farcenta da jikinta, ta sa aka ɗora ta a sikeli. Sannan ta juyo wajen Hajiya da ladabi tace Mama haƙora bakwai ne suka ruɓe, biyu sun yi ruwa, wannan ba abin kwana ɗaya bane, yarinyar nan ta daɗe tana shan wahala ita kaɗai. Hajiya tace ai na nono ne ɗiyata, in ta yi famfara zasu zube. Likitar bata yi mata tsawa ba, madubi ta ɗauko ta nuna mata wani turmi can ƙurya, tace wannan a shekara 6 yake fitowa can a bayan na nono ba tare da wani ya faɗi ba, shi ba a sake shi, kuma ga shi har ya fara baƙi. Tace na nonon ma guda 20 ne kuma na ƙurya sai wajen shekara 11 ko 12 suke gama zubewa, to yaro zai zauna da ciwo har lokacin?

Ni ta ja gefe ta faɗa mani kalmar da naji nauyinta, sakaci. Tace rashin sani daban, rashin kuɗi daban, su ba sa ɗora ma kowa laifi akansu, amma in an nuna ma babba ciwon an gaya mashi maganin kuma ya ƙi dawo da yaro, to an shiga tauye haƙƙi, kuma su sukan rubuta komai a fayil saboda haka. Ta kuma ja mani kunne akan cutar noma, wadda ke farawa daga kumburin dasashi ta cinye kumatu cikin kwanaki, yawanci yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, har asibiti guda aka yi dominta a Sakkwato. Tace ba ita ke damun tamu ba alhamdulillah, amma ramar yarinyar bata yi mata ba, mu gyara cimarta.

A ranar dai magani aka bamu kumburin ya sauka tukuna, daga baya aka cire biyu aka cike sauran kaɗan kaɗan. Sun koya ma Hajiya yawan makilin da za a sa, kamar ƙwayar wake, mai sinadarin fuloraid, safe da dare kuma babba ya tsaya ya goge mata da hannunshi. Shayi mai suga da alawar da ake lallashinta da ita da dare an daina.

Akwai satin da na yi tafiya Daura biki ba a kai ta ba, washegari nas ɗinsu ta kira ni a waya tace Anti lafiya bamu ga yarinyarmu ba? Da ban ɗauka da farko ba sai da ta sake kira har sau biyu. Wannan kiran ya fi mani komai a wurin.

Yanzu tana barci har asuba, jiya ma na iske ta tana cin gyaɗa, ta buɗe mani baki tace Gwaggo duba babu zafi. Saura zuwa ɗaya ranar Laraba, na riga na gaya ma babanta shi zai kai ta da kanshi ya ji bayanin daga bakin likita.