Na shiga daji da jif ɗin alfarma, ga abin da na gani

An daɗe ana wannan musun, wai manyan jif ɗin nan na zamani masu kujerar fata da sikirin kamar talabijin za su iya aikin daji na gaske ko kuwa kwalliyar kan kwalta ce kawai. To ni dai na samu dama na yi kwana huɗu a cikin ɗaya, a hanyar da babu kwalta ko taku ɗaya, daga yashi sai duwatsu sai laka ga rafi biyu da dole a tsallaka. Motar wani aminina ce, kuma ba zan faɗi sunan kamfanin ba don abin da ya same mu zai iya samun kowace irinta. Abokiyar tafiyarmu wata tsohuwar fikof ce mai fo-wil wadda ko esi babu.

Bari in fara da yabo don ta cancanta. Ranar farko muka iso wani hawan dutse mai gargada, mai fikof sai da ya gwada sau uku yana ja da baya yana sake ɗaukar gudu, mu kuwa aminina ya danna maɓalli motar ta ɗaga kanta sama, ya sa giyar ƙarfi, ya murɗa wani ɗan abu zuwa hoton dutse, shikenan. A tsakiyar hawan tayar gaba ɗaya ta tashi sama tana juyi a iska, sai ka ji kar-kar-kar a ƙasa, kwamfuta ce ke kama birkin wannan tayar ita kaɗai don ƙarfin ya koma wadda ke taka ƙasa, motar ta ci gaba da rarrafe ko girgiza ba ta yi ba. Ga kyamara tana nuna maka dutsen da ke ƙarƙashin hancin motar. Wajen gangara ma ƙafa ya ɗauke daga birki gaba ɗaya ta riƙe kanta har ƙasa. Wallahi na jinjina.

Kuma ba cika baki kamfanonin ke yi ba. Sabuwar Defender da ta fito a 2020 an yi ta ta iya shiga ruwa mai zurfin santimita 90, Land Cruiser 300 ta 2021 santimita 70 kuma har yanzu a kan shasi take kamar iyayenta, ita kuwa G-Class ta Marsandi da ake ƙerawa a Graz ta ƙasar Ostiriya tun 1979, duk da ta koma motar 'yan gayu, makullan difaransha uku ɗin nan, masu tilasta wa tayoyi su juya tare ko da ɗaya ta rasa ƙasa, suna nan daram. Wannan murɗa-ka-zaɓi-ƙasa ɗin ma ba sabon abu ba ne, Land Rover ta fara sa shi a Discovery 3 tun 2004.

Matsalar ta faro ne daga taya, kuma nan ne zan daɗe don shi ne abin da mai saye ba ya dubawa. Motarmu rim inci 22 gare ta, tayar siririya kamar an ɗaura roba a jikin ƙarfe. A yashi dabarar kowa ita ce a rage iska tayar ta baje ta yi faɗi, mai fikof da rim ɗinsa inci 16 ya sauke kusan rabin iskar ya wuce yana shawagi, mu kuwa ina za mu rage, kaɗan ka sauke rim ya fara neman ƙasa ko tayar ta zame daga bakinsa. Haka muka yi ta nutsewa muna haƙa da shebur. Rana ta biyu wani dutse mai kaifi da ko lura ba mu yi da shi ba ya tsaga gefen tayar baya, tsagar da yatsu biyu ke shiga, kuma duk wanda ya san taya ya san gefe ba ya ɗaukar faci. Muka sauke kaya kaf don a ciro safaya, sai ga wata 'yar ƙarama ta gaggawa wadda aka yi don ta kai ka wajen mai faci a cikin gari, da ita muka ƙarasa sauran kwana biyun, duk dutsen da muka hango gabanmu na faɗuwa.

Sai nauyi. Irin waɗannan motocin sukan kai tan biyu da rabi tun kafin mutum ya shiga, ka ƙara mutane huɗu da jarkokin ruwa da mai, idan ta kafe a laka ba turawa ake ba, zama take yi a kan cikinta. Da muka zo ɗaura igiya sai da muka ɓalle murfin roba a bamba muka ɗaura wani ɗan ƙarfe mai zare, wanda na ɗora mota kan motar ja ne a kwalta, ba na fizga daga taɓo ba, don haka a hankali aka ja muna addu'a kar ya tsinke ya yi kan wani.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne rana ta uku bayan rafi na biyu. Dashbod ya kama ƙara, wuta ruwan ɗorawa ta kunnu, motar ta ce akwai matsala a na'urar ɗaga ta, ta ƙi hawa sama, kuma a wurin da muke idan ba ta ɗaga ba cikinta zai riƙa bugun dutse. Mai fikof makaniki ne na gaske, mutumin da zai kwance kafireto da dare da tocilan a baki, amma ya leƙa ya leƙa ya ce maigida wannan sai kwamfuta. Daga ƙarshe laka ce ta daskare a kan wata 'yar sansa kusa da taya, muka wanke muka kashe motar muka jira, ta dawo hayyacinta. Mun ci sa'a kenan, da waya ce ta tsinke ko jakar iskar da ke ɗaga motar ta fashe da labarin ya sha bamban. Masu dizal na zamani ma suna da nasu, ruwan AdBlue da ake zubawa don rage gubar hayaƙi idan ya ƙare injin ba zai sake tashi ba bayan ka kashe, kuma matatar hayaƙin salansa ba ta son doguwar tafiyar rarrafe, toshewa take yi.

Wani abin dariya kuma, ƙaya. Duk sanda reshe ya goga jikin fenti ya yi ƙiiii sai in ga fuskar aminina ta canza kamar shi aka karce, har ya fara kauce wa hanyar da ta fi kyau don gudun itace. Range Rover ta farko a 1970 kujerun roba gare ta da shimfiɗar roba da ake wankewa da tiyo, yanzu kuwa mutum na cire takalmi kafin ya shiga motarsa.

Ba banza ba Toyota ke ci gaba da ƙera Land Cruiser 70 tun 1984, masu haƙar ma'adinai a Ostareliya da ƙungiyoyin agaji ba su sake ta ba, haka ita ma Ineos Grenadier ta fito a 2022 don cike gurbin tsohuwar Defender da aka daina yi a 2016.

Hukuncina dai, idan dajin naka na ƙarshen mako ne inda akwai sabis ɗin waya kuma motar ja za ta iya iso ka, saya abinka, za ta kai ka inda ba ka zata ba kuma bayanka ba zai yi ciwo ba, amma ka nemi mai rim inci 18 kamar Land Cruiser GR Sport ko Defender mai rim ɗin ƙarfe, ka sa tayar daji, ka tabbatar safayarka cikakkiya ce. Idan kuwa tafiyar mako biyu ce nesa da kowa, ni fikof ɗin nan zan hau duk da zafinta. Aminina da muka dawo ya je canza rim, aka ce masa birkin motar ya yi girma, ƙasa da inci 20 ba zai shiga ba.