Layin SNS 24 na Fotugal, na kira su da tsakar dare

Wallahi ba don maƙwabciyata ba da ban san da layin wayar nan na lafiya ba. Tsohuwa ce 'yar Fotugal, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun tafi ci-rani Faransa, ita kaɗai a ɗaki da kwalayen maganin barci a gefen gado. Ita ta rubuta min 808 24 24 24 a bayan rasit ranar da ta same ni zaune a matakala ina haki kamar wadda aka koro.

Lokacin mai gida ya ce zai ƙara haya, ni kuma albashina mafi ƙaranci ne, yuro 820 a 2024, duk wanda ya san Lisbon ya san ɗaki ɗaya kawai zai iya lashe rabinsa, to kullum sai gabana ya riƙa faɗuwa, barci ya gagara, abinci ma baya shiga. Wajen ƙarfe 2 na dare na kira. Layin lafiya ne na gwamnati, awa 24 yake aiki, ɓangaren masu ba da shawara kan damuwa kuma tun korona a 2020 aka buɗe shi. Matar da aka haɗa ni da ita bata yi min garaje ba sam, yarensu nawa gurgu ne amma ta haƙura, ta sa ni jan numfashi a hankali muna ƙirgawa tare, ta tambaya ko ina da wanda nake hira dashi, ko ina tunanin cutar da kaina. Tambayar nan ta ɗan dake ni gaskiya amma gara da ta yi.

Ashe ba baƙi kaɗai abin ke ci ba. Alƙaluman hukumar ƙididdigarsu na 2023 sun nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na da alamun wannan fargaba, mata sun fi yawa, haka tsofaffi, ni da nake ganin Turawa basu da abin da ke hana su barci.

Sai dai fa kar a ɗauka magani ne na dindindin, agajin gaggawa ne kawai, ƙarshenta likitan iyali za a ce ka gani, mutane da yawa a yankin Lisbon kuwa basu dashi. Tauraro 4 na basu. Rasit ɗin har yanzu yana manne a jikin firij ɗina.